Dariya a Kan Ciwon da Ba a Faɗa: Wasannin Talabijin na Matasa Masu Lalura

Akwai wani rukuni na wasannin kwaikwayo na talabijin da ya yi ƙarfi a Birtaniya da Amurka tun daga shekarun 1980, wanda jaruminsa yaro ne ko yarinya mai tashen balaga, tsakanin shekara 13 zuwa 18, da ke fama da wata lalura wadda ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige da ya ji ta a bakin abokansa. Lalurar na iya zama ƙurajen fuska, ko ƙiba, ko fitsarin kwance, ko zubewar gashi saboda maganin ciwon daji, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Irin wannan wasa ba barkwanci zalla ba ne, ba kuma labarin tausayi zalla ba. A cikin kashi guda mai kallo kan ƙyaƙyata dariya, bayan minti biyar kuma jikinsa ya yi sanyi. Tambayar da ke bin rukunin tun farko ita ce ko ya dace a yi dariya a wurin da ake jinya, in kuma ya dace, wa ake yi wa dariyar.

Tsananin ciwo da kunyarsa ba tafiyarsu ɗaya ba. Yaron da ya karye a wurin ƙwallo yakan shiga aji da ɗaurin karaya yana taƙama, abokai suna rububin riƙe masa jaka, alhali wanda ya jiƙa katifa a makarantar kwana, ko da babu abin da ke masa zafi, zai iya shafe zangon karatu bai yi barcin kirki ba. Ciwon kunya shi ne wanda ya shafi abin da jiki ke fitarwa, ko wari, ko al'aura, ko siffar jiki, ko hankali, wato wuraren da ake sa ran duk wanda ya girma ya mallaki kansa. Shi kuwa matashi babu abin da yake son tabbatar wa duniya kamar ya girma. Ga shi kuma shekarun ne jiki ya fi yi wa mai shi gardama. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin ƙurajen fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Abin da ya zama ruwan dare haka, amma kowa na ɗauka shi kaɗai ya shafa, shi ne marubutan wasa suka gano akwai labari a cikinsa. Labarin kuma ba na ciwon ba ne, na ɓoye shi ne: ƙaryar da aka shara, da ƙaryar da aka ƙara don kare ta farko, da ranar da asiri zai tonu.

Talabijin bai fara da dariya ba. A watan Disamba na 1976 tashar NBC ta Amurka ta haska The Loneliest Runner, fim ɗin da Michael Landon, tauraron Bonanza, ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya ɗauko shi daga ƙuruciyarsa. Yaro ne ɗan shekara 13 mai fitsarin kwance, wanda mahaifiyarsa ke shanya zanen gadonsa a tagar da ke kallon titi don ta kunyata shi ya daina. Kullum aka tashi daga makaranta sai ya zuba a guje ya riga 'yan ajinsu isa layin, ya janye zanen kafin su gani. Gudun da ya saba yi ne ya mai da shi gwarzon tsere a gasar Olamfik. Babu raha a fim ɗin, kuma ƙarshensa ya yi daɗi fiye da kima, don ba kowane mai jiƙa shimfiɗa ke ƙarewa da lambar zinare ba. Amma ya kafa abu guda da na baya suka gada: mugun cikin labarin ba mafitsara ba ce, wanda ya shanya zanen ne.

Dariyar daga Ingila ta zo. A 1982 Sue Townsend ta wallafa littafin sirrin wani yaro ɗan Leicester mai suna Adrian Mole, ɗan shekara 13 da wata tara, kamfanin Thames kuma ya mai da shi wasan talabijin a 1985. Adrian na ƙirga ƙurajen fuskarsa kamar mai lissafin bashi, yana ɗora wa mahaifiyarsa laifin rashin ba shi abinci mai gina jiki, alhali a gabansa auren iyayensa ke rushewa, uwar na soyayya da maƙwabci, shi bai ma lura ba. Ana yi masa dariya, amma dariyar ta sabo ce, irin ta wanda ya tuna kansa a gaban madubi. Daga baya tashar E4, wadda Channel 4 ta buɗe a 2001 domin matasa, ta kawo salo mai kaushi. A The Inbetweeners, da aka haska daga 2008 zuwa 2010, akwai kashin da Will, ɗaya daga cikin jaruman wasan, ya yi ta ɗirkar lemon ƙara kuzari don karatun dare, cikinsa ya ɓaci, ya ɓata wandonsa a ɗakin jarrabawa. An sha dariya, sunan ya bi shi a makaranta, labari ya wuce. A nan jikin da ya ci amanar mai shi shi ne abin dariyar, babu wani abu a bayansa. A daidai wannan lokaci ita Channel 4 tana haska Embarrassing Bodies, shirin gaskiya da likitoci ke duba mutanen da suka kwashe shekaru suna ɓoye ciwo, a gaban kyamara, har da na musamman a kan matasa. Masu kallo a Birtaniya sun riga sun saba ganin abin da a da ba a ambata.

A kan wannan turba My Mad Fat Diary ya fito, kuma shi ne misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. E4 ta fara haska shi a Janairun 2013, ya ƙare a Yulin 2015, zango uku, kashi 16. An ɗauko shi daga littafin da Rae Earl ta wallafa a 2007, wanda ainihin rubutun sirrinta ne na shekarar 1989, lokacin tana 'yar makaranta a garin Stamford na yankin Lincolnshire. Marubucin wasan, Tom Bidwell, ya matso da labarin zuwa 1996, zamanin da waƙoƙin Oasis da Blur ke tashe. Sharon Rooney, 'yar Glasgow, ita ta fito a matsayin Rae: 'yar shekara 16, nauyinta ya haura kilo 100, mai son kiɗa, mai kaifin baki, wadda ta kwashe wata huɗu a sashen masu taɓin hankali bayan ta yi ta yi wa kanta rauni har ta kusa rasa ranta.

Kashi na farko ya nuna yadda aka ƙulla abin. Mahaifiyarta, Linda, ta zo ɗaukarta daga asibiti, sai ga shi a but ɗin motar akwai mutum a kwance: Karim, ɗan Tunisiya, saurayin uwar, wanda ba shi da takardun zama, ake ɓoye shi daga jami'an shige da fice. A hanya suka ci karo da Chloe, aminiyar Rae tun suna yara, tare da sababbin abokanta. Chloe ta tambaye ta yaya Faransa, domin abin da aka gaya wa mutanen gari ke nan, cewa Rae ta tafi Faransa. Tun a farkon kashin an nuna gida mai sirri biyu, ɗaya a but, ɗaya a kujerar gaba. Daga nan Rae ta shiga aikin kare ƙaryar Faransa, kuma yawancin barkwancin zangon farko daga wannan aiki ya fito, ba daga ciwon ba.

Jarrabawarta ta farko gayyata ce zuwa wasan ninƙaya a gidan su Chloe. A cinyoyinta akwai tabon yanka, ga kuma jikin da ba ta son kowa ya gani. Ta je kanti gwada rigar wanka, Chloe ta kunna sigari a ɗakin gwaji, ƙararrawar gobara ta ɗau ƙara, aka koro kowa waje, Rae ta tsinci kanta a bakin titi rabin jikinta a buɗe, tana kare ƙirjinta da wani kadan roba da ake hura wa iska, samari na yi mata ihu. Wurin da ban dariya, amma kyamara ba ta tsaya tare da samarin ba. Ta koma kan fuskar Rae, amon titi ya dusashe, ta bi ta har gida inda ta tsaya gaban ma'ajiyar abinci. Duk da haka ta je gidan su Chloe. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ta tuɓe, ta hau abin sulu da ke gangarawa cikin ruwa, ta maƙale a tsakiya, tabon ƙafarta a fili, kowa ya yi tsit. Ita ce ta fara magana. Ta jefa wa ɗaya daga cikin abokan Chloe zolaya cewa ya zo ya yi amfani da ƙwanjinsa ya ɓanɓaro ta, aka fashe da dariya, aka janyo ta cikin ruwa. Wurare biyun kusan abu ɗaya ne ya faru, jiki ya tonu a bainar jama'a. A titi wasu ne suka riƙe dariyar, a bakin ruwa ita ta riƙe ta. A wannan bambanci wasan ya tsaya, kuma da shi ake iya auna sauran wasannin rukunin.

Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ita ce muryar littafin sirri. Rae ce ke ba da labarin, mai kallo na jin abin da ke ranta yayin da bakinta ke faɗin akasinsa. A kan hoton ma ana ganin zane-zanen biro irin na gefen littafin ɗalibi: ta zana wa wanda ya ɓata mata rai ƙaho, ta kewaye saurayin da ya burge ta da taurari, in damuwa ta taso kuma baƙin zane ya yi ta cin hoton daga gefe har ya kusa rufe ta. Mai kallo a cikin kanta yake zaune, shi ya sa ba ya iya yi mata kallon abin tausayi daga nesa, ba ya kuma iya yi mata dariyar ƙeta. Wani wuri da aka fi tunawa shi ne inda take mafarkin ido biyu, ta kama zif a bayanta ta zuge jikinta kamar riga, siririyar mace ta fito daga ciki, ta ja tsohon jikin zuwa bayan gida ta cinna masa wuta. Ba a yi magana ko ɗaya ba. Haka kuma bayanin da ta yi na dalilin da ya sa ba ta iya cin abinci a gaban mutane: in ta ci mai maiƙo za a ce dama ina za ta rame, in ta ci ganye za a ce wa take yaudara. Likita zai iya cika shafi a kan wannan hali bai kai inda jimla biyun suka kai ba.

Manya a irin waɗannan wasanni sukan faɗa ɗayan ramuka biyu, ko azzalumai ko waliyyai. Linda, wadda Claire Rushbrook ta fito a matsayinta, ba ta faɗa ko ɗaya ba. Mace ce mai faɗa, kullum cikin sabon tsarin rage ƙiba, tana son 'yarta amma ba ta san yadda ake zancen ciwon ba, sai ta mai da shi abin da ba a ambata a gida. Ita ta ƙago Faransa, kuma a ganinta rufin asiri ta yi wa yarinyar, don kada gari ya sa mata suna. Daga baya Rae ta gano cewa katunan gaisuwa da take samu daga mahaifinta, wanda ya gudu tun tana ƙarama, uwar ce ke rubuta su. Wasan bai yanke wa Linda hukunci ba, amma ya nuna kuɗin da rufin asirin ya ci: yarinyar da aka yi wa ƙarya don a kare ta ta fahimci cewa gaskiyarta abar ƙyama ce. Sauran abokan ma kowa da abin da ya binne. Chloe, kyakkyawar da Rae ke hassada, ta yi ciki da wani malaminsu. A zango na biyu Rae ta karanta littafin sirrin Chloe, aka sake nuna abubuwan da suka wuce ta idon Chloe, sai ga Rae ɗin ta fito a matsayin ƙawa mai son kanta, wadda ciwonta ya hana ta ganin na wasu. Ba kowane wasa ke da ƙarfin halin yi wa jarumarsa haka ba.

Sai Kester, likitan da take zuwa gani don tattaunawa, wanda Ian Hart ya fito a matsayinsa. Mutum ne mai shan sigari a bakin taga, aurensa na tangal-tangal, ba ya da maganar hikima a aljihu. A ƙarshen zango na biyu ya sa Rae ta rufe ido ta ƙaddara ita ce tana 'yar shekara 10 zaune a kujerar da ke gabanta, ya ce ta gaya wa yarinyar duk abin da take gaya wa kanta kullum, cewa mummuna ce, abin kunya ce, kaya ce a wuyan mutane. Ta kasa. Dabara ce da masu wannan aiki ke amfani da irinta da gaske, kuma an nuna ta ba tare da an mai da ita sihiri ba, don a zango na uku ciwon ya dawo.

Nan ne wasan ya rabu da na Landon. A ƙarshen zangon farko, a wurin bikin auren Linda da Karim, Rae ta karɓi abin magana ta gaya wa taro cewa ba Faransa ta je ba, asibitin masu taɓin hankali ta kwanta. Abokanta ba su guje ta ba. Marubuci mai gaggawa a nan zai rufe labari. Amma zango na biyu ya buɗe da mutuwar Tix, ƙawarta ta asibiti, siririyar yarinya mai cutar ƙin cin abinci, wadda suke hira da ita ta bangon banɗaki, kuma Rae ba ta je wurinta ba a ranar da ta fi buƙatarta. Finn, saurayin da 'yan mata ke rububi, ya zaɓi Rae, ita kuma ta rabu da shi da kanta, saboda ba ta iya jure idon mutane in suna tafiya tare, kowa na lissafin me ya gani a jikinta. Faɗin gaskiya ya kashe ƙaryar Faransa, bai kashe ciwon ba. A ƙarshe ta hau jirgin ƙasa zuwa jami'a a Bristol da lalurarta, sai dai ta koyi yadda ake zama da ita. An sa wasan cikin jerin masu neman kyautar BAFTA ta wasan kwaikwayo mai dogon zango a 2014.

Yana da rauninsa. Duk da rabuwar da aka yi, soyayyar kyakkyawan saurayi ta ɗauki nauyi mai yawa a labarin, har mai kallo 'yar shekara 15 na iya fita da fahimtar cewa darajarta na jiran wani Finn ya tabbatar da ita. Zango na uku, mai kashi uku kacal, an yi shi a gurguje. Akwai kuma shan giya da zancen jima'i a fili, wanda ya sa aka haska shi bayan ƙarfe tara na dare, lokacin da dokar watsa shirye-shirye ta Birtaniya ta yarda a nuna abin da bai dace da yara ba. Ma'ana, da yawa daga masu shekara 13 da 14, waɗanda suka fi buƙatar irinsa, ba don su aka yi shi ba.

Waɗanda suka biyo baya kowanne ya ja zaren ta wani gefe. Alexa & Katie, na Netflix daga 2018 zuwa 2020, ya ɗauki yarinya mai ciwon daji da za ta shiga sakandare, gashinta na zubewa, aminiyarta ta aske nata kan don su zama biyu, suka shiga makaranta da hular gashi suna ɓoye dalili. An yi shi don iyali su kalla tare, da dariyar 'yan kallo a bayan fage, kuma saboda haka aka wanke ciwon tas, babu amai, babu kumburi, sai gajiya jefi-jefi. Sex Education na Laurie Nunn, zango huɗu daga 2019 zuwa 2023, ya bi akasin haka: ɗan wata likita ya buɗe wurin ba da shawara a tsohon banɗakin makaranta, ɗalibai na kawo masa matsalolin da ba sa iya kai wa iyaye. A farkon zango na biyu an yi jita-jitar ɓarkewar wani ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, ɗalibai suka ruɗe suna sa takunkumin hanci a zaton ta iska ake kamuwa. Jahilci aka yi wa dariya, kuma bayanin lafiyar da aka bayar daidai ne, sai dai sau da yawa kowace matsala kan warware cikin kashi guda, wasan ya koma darasin aji da aka yi wa kwalliya. Everything Now, na 2023, ya fi kusa da tsarin Rae: Mia ta fito daga asibiti bayan wata bakwai na jinyar ƙin cin abinci, ta tarar ƙawayenta sun yi mata nisa a harkar duniya, ta rubuta jerin abubuwan da za ta yi ta cim musu. Netflix ta dakatar da shi bayan zango ɗaya.

Wani abin lura shi ne yawan marubutan rukunin da suka kwanta a gadon da suke ba da labarinsa. Ban da Landon da Earl, shi kansa Bidwell ya yi jinyar ciwon daji yana matashi, kuma gajeren fim ɗin da ya rubuta a kan haka, Wish 143, ya shiga takarar Oscar a 2011. Albert Espinosa, wanda ya rubuta Polseres vermelles da tashar TV3 ta yankin Kataloniya a Sifaniya ta fara haskawa a 2011, ya shafe shekara goma yana shiga da fita asibiti tun yana ɗan 14, ya rasa ƙafa ɗaya da huhu ɗaya. Yaran wasansa tseren keken guragu suke yi a barandar asibiti, suna zolayar juna da sanƙo. Wanda ya sha jinya ya san cewa a ɗakin marasa lafiya ana raha, ya kuma san irin wadda ake yi da irin wadda ba a yi. Da tashar Fox ta Amurka ta sake yin wasan a 2014 da sunan Red Band Society, bai wuce kashi 13 ba.

Haɗarin da ke cikin rukunin na gaske ne, musamman inda lalurar ta shafi cutar da kai ko ƙin cin abinci, domin nuna yadda ake yi dalla-dalla na iya zama koyarwa. Misalin da aka fi kafa hujja da shi ba barkwanci ba ne: 13 Reasons Why, wanda Netflix ta saki a ƙarshen Maris na 2017. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kisan kai tsakanin masu shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a watan da ya biyo bayan fitowarsa. Binciken bai tabbatar da cewa wasan ne sanadi ba, masana kuma sun yi ta muhawara a kai, amma a Yulin 2019 kamfanin ya yanke wurin da aka nuna mutuwar jarumar. My Mad Fat Diary ya fi nuna tabo da abin da ya biyo baya, ya taƙaita nuna aikin kansa.

Ta ɗaya gefen kuma akwai shaidar cewa wasa na iya kai mutum asibiti, kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfinta a Najeriya aka samo ta. MTV Shuga, wanda aka fara a Kenya a 2009 aka kawo shi Legas a 2013, labarin matasa ne da cutar ƙanjamau, an cakuɗa shi da soyayya da raha. Wani bincike da Bankin Duniya ya sa hannu a ciki, a kan matasa kusan 5,000 a kudu maso yammacin ƙasar, ya gano cewa waɗanda suka kalle shi sun kusa ninka waɗanda ba su kalla ba wajen zuwa gwajin jini bayan wasu watanni. Zangon 2018 ya kai wani ɓangare na labarin zuwa Kano, Rahama Sadau da Yakubu Mohammed suka fito a ciki. Akwai kuma lalurar da ba ta karɓar raha ko kaɗan. Dry, fim ɗin Stephanie Linus a kan Halima, 'yar shekara 13 da ta kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, bai nemi ba da dariya ba, domin ciwon da ya sa miji da dangi suka kori yarinya ba ya barin gurbin da ita za ta riƙe zolayar. A barkwancin Hausa na fim da na dandali kuwa, mai in'ina da kurma da mai taɓin hankali sun daɗe suna fitowa, amma galibi a matsayin wanda ake yi wa dariya, labarin na wani ne daban.

Fitsarin kwance, wanda da shi aka buɗe fagen a 1976, har yanzu ba kasafai ake ba shi jarumi nasa ba, duk da cewa yana da duk abin da marubuci ke nema: kwanan gidan aboki, makarantar kwana, wankin asuba a ɓoye. Kusan kashi 15 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 suna yi, ya sauka zuwa kashi 5 a shekara 10, ya rage kashi 1 zuwa 2 a shekara 15. Gado ne a mafi yawan lokuta: in ɗaya daga cikin iyaye ya yi, kusan rabin 'ya'yan kan yi, in duka biyun ne, kusan uku cikin huɗu. Sababinsa nauyin barci ne, da ƙarancin sinadarin da ke sa ƙoda ta rage fitsari da dare, da mafitsarar da ba ta riƙe da yawa, wani lokaci da taurin bayan gida. Ya fi yawa ga masu ciwon sikila, saboda ƙodarsu ba ta iya tace fitsari ya yi kauri. Ana maganinsa da ƙararrawar da ke tada yaro da zarar ya fara jiƙewa, ko da ƙwayar desmopressin, kuma duka da gori ba sa cikin magungunan. 'Yar barkwancin Amurka Sarah Silverman, wadda ta yi fama da shi har cikin shekarun balagarta, ta sa wa littafin tarihin rayuwarta na 2010 suna The Bedwetter, aka kuma mai da shi wasan dandali mai waƙoƙi a New York a 2022, sai dai jarumar wasan 'yar shekara 10 ce.